Kyanwar Gwaggo da Gwiwar Ƙarfe

Gwaggona ta shekara takwas tana jan ƙafa kafin aka sa mata gwiwar ƙarfe. Ranar da ta fara tafiya ba sanda, sai da ta yi hawaye. Da na je duba ta, na tarar kyanwarta tana lasar wani ɗan ƙuje a ƙaurin Gwaggo. Na yi magana, ta ce, "Bar ta, ɗan nan, ai kyanwa ba najasa ba ce."

Gaskiyarta. Amma tsarki daban, ƙwayar cuta daban. A bakin yawancin kyanwoyi da karnuka da dama akwai ƙwayar Pasteurella multocida, wadda ta ci sunan Louis Pasteur na Faransa, wanda ya yi nazarinta a jikin kaji a 1880. Dabbar kalau take da ita. Haƙorin kyanwa kuwa siriri ne kamar allura: ya tura ƙwayar can ciki, bakin ciwon ya rufe, kafin kwana guda wurin ya kumbura ya ɗau zafi. Yakushi ma, ko lasar ciwo, kan shigar da ita.

Ga mai ƙarfe a gaɓa, nan matsalar take. Jini ba ya gudana cikin ƙarfe, don haka garkuwar jiki ba ta da ƙarfi a wurin. Ƙwayar ta bi jini ta manne masa, ta lulluɓe kanta da wani yauƙi da magani ke wahalar ratsawa. In an gano da wuri, a buɗe a wanke. In ta yi nisa, sai an cire ƙarfen, a sa siminti mai magani, a yi wajen mako 6 ana allurai, sannan a sake sabon aiki. Abin ba ya yawan faruwa, amma na tuna 'yan uwanmu masu sikila da ake canja wa ƙugu tun suna samari, a asibitin ƙashi na Dala ko a Indiya, bayan an sayar da gona.

Don haka na roƙi Gwaggo: in kyanwa ta cije ta ko ta yakushe ta, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa, a tafi asibiti a ranar, ba kemis ba, a kuma gaya wa likita abu biyu, cizon da ƙarfen, domin ba kowane magani ke kashe wannan ƙwaya ba.

Ban ce ta rabu da kyanwar ba. Ɓeraye ma ba za su bari ba. Mun wanke ƙujen, mun rufe shi da bandeji, aka mayar da shimfiɗar kyanwar bakin rumbu.