Amana da Yaudara a Wasan "Kwaso ka Tsira"

Gabatarwa

Ni ba da Hausa na buɗe baki ba, a makaranta da cikin gari na koye ta. Amma kalmar "amana" ban san nauyinta ba sai a wani wasan waya. Wata rana a unguwar Yelwa da ke Bauchi, ina buga Metro Royale, wani sashe na PUBG Mobile da ya fito a 2020, na kusa fita da kayan da na sha wahalar tarawa. Wani ɗan wasa ya nuna alamar ba faɗa, na saki jiki, ya harbe ni ya kwashe komai. Wannan ya sa na ga ya dace in yi wa 'yan'uwa ɗalibai ɗan bayani.

Yadda wasan yake

Irin wannan wasa na laƙaba masa suna "kwaso ka tsira". Ɗan wasa zai shiga fili da makamansa, ya tattara kaya, sannan ya nemi mafita. In ya fita da rai, kaya sun zama nasa. In an kashe shi, har abin da ya shigo da shi ya tafi. Abokan gaba iri biyu ne: waɗanda kwamfuta ke sarrafawa, da kuma mutane 'yan wasa irinka.

Matsalar ke nan. In kashe mutum ya fi riba, kowa zai zama ɗan fashi, sababbin shiga su gudu. In kuwa an hana faɗa gaba ɗaya, fargaba ta tafi, wasa ya yi lami.

Dabarun daidaitawa

Dabara ta farko ita ce hukunci. A wasan The Division na kamfanin Ubisoft, wanda ya fito a 2016, duk wanda ya kashe ɗan'uwansa a yankin da ake kira Dark Zone ana yi masa tambari, sauran su gan shi su farauce shi.

Ta biyu ita ce raba gari. A 2024 masu wasan Escape from Tarkov suka buɗe sashen da babu abokin gaba sai na kwamfuta, domin masu son haɗin kai zalla.

Ta uku ita ce ƙarfafa maƙiyi na kowa. A wasan ARC Raiders na kamfanin Embark da ke Suwidin, wanda ya fito a 2025, wasu mutum-mutumin suna da ƙarfin da mutum ɗaya zai sha wuya a kansu, kuma kana iya magana da duk wanda ke kusa da kai. Dole ta sa baƙi su haɗa kai, ko da ido na kan juna.

Kammalawa

A ganina dabara ta uku ta fi armashi, domin ta bar wa mutum zaɓi. Amana ba ta da daraja sai inda ake iya cin ta. Sai dai ni kam, tun daga ranar nan ta Yelwa, ina gaisawa da kowa amma ba na juya wa kowa baya.