Daga Cinya Zuwa Tebur: Yadda Mazaunin Rubutu Ya Sauya a Ƙasar Machina, Nguru da Gashuwa

Gabatarwa

Idan aka ce tarihin rubutu, mu ɗaliban harshe hankalinmu kan tafi ne kai tsaye ga ajami da boko, ko ga marubuta da littattafansu. Ba kasafai mukan tambayi inda marubucin ya ɗora takardarsa ba. A wannan ɗan rubutu zan yi ƙoƙarin bin sawun teburin rubutu a yankinmu na arewacin Jihar Yobe, tare da leƙa ƙasashen Turawa inda ya samo asali. Abin da nake son mai karatu ya riƙe shi ne, siffar tebur ba ta sauyawa don ado kawai. Takan bi irin alƙalami da takardar da ake amfani da su, da kuma aikin da ake son rubutun ya yi.

Kafin zuwan tebur

Yankinmu ya daɗe da sanin rubutu. Birnin Ngazargamu, wanda kufansa ke kusa da Gaidam, shi ne fadar daular Barno tun daga ƙarni na 15 har zuwa 1808, kuma an san malaman Barno da kyan hannu wajen rubuta Alƙur'ani. Amma duk wannan aiki an yi shi ne ba tare da tebur ba. Har gobe idan ka shiga tsangaya a Machina ko Nguru za ka tarar da alaramma zaune a kan buzu, ya tanƙwashe ƙafa, takarda a kan cinya ko a kan wani ɗan kwali, kurtun tawada a gefensa. Almajiri kuwa allonsa shi ne takardarsa, shi ne kuma teburinsa.

Wani zai ɗauka rashin hali ne ya kawo haka. Ba haka ba ne. Kayan aikin ne ba su bukatar tebur. Littattafanmu na da ba a ɗinke su, falle-falle ne. Marubuci yakan ɗauki falle ɗaya ya rubuta, in ya bushe ya ajiye a kan 'yan'uwansa, daga baya a haɗa su cikin tadarishi a zura a gafaka. Falle ɗaya ba ya da nauyin da cinya za ta kasa ɗauka. Alƙalamin gamba ko na kara shi ma ba ya son a danna shi da ƙarfi. Ita kanta takardar tana da tsada, domin mai yawa daga cikinta daga Italiya ake kawo ta ta hamadar Sahara, saboda haka ba a tara ta barkatai balle a nemi durowar zuba ta. Sauran kayan duk na gida ne: allo daga itacen aduwa, tawadar allo daga gawayi da ƙaro, ƙaron da ƙasarmu ta yi suna da shi.

Can a ƙasashen Turawa

A Turai ma tsofaffin marubuta na gidajen ibada ba shimfiɗaɗɗen tebur suka yi amfani da shi ba. Katako ne mai gangare, saboda alƙalaminsu na gashin tsuntsu ne, kuma tawada ta fi sauka daidai idan takarda ta ɗan jingina. Da wasiƙu da lissafin ciniki suka yawaita, sai bukata ta koma ga ɓoye takardu, aka fara yin tebur mai durowa da makulli. Wanda ya fi shahara shi ne na Sarki Louis na 15 na Faransa. Jean-François Oeben ya fara shi a 1760, Jean-Henri Riesener ya ƙarasa a 1769, wato shekara tara ana aikin tebur guda. Yana da murfi mai lanƙwasa da ke saukowa ya rufe takardu, kuma makulli ɗaya ke kulle komai. Yana nan a fadar Versailles.

A Amurka kuwa, Thomas Jefferson ya rubuta daftarin shelar 'yancin ƙasar a 1776 a kan wani ɗan akwati da ake ɗorawa a cinya, abin da ke nuna cewa ba malamanmu kaɗai suka san daɗin rubutu a cinya ba. Da kamfanoni suka bunƙasa, William Wooton ya yi rajistar wani tebur a 1874 mai kama da kabad, in an buɗe ƙofofinsa sai a ga gurabe rututu na ajiye takardu. Akwai kuma tebur na nuna girma, kamar wanda Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta aika wa Shugaba Rutherford Hayes a 1880, wanda aka yi da katakon jirgin ruwa mai suna Resolute.

Shigowar tebur yankinmu

Tebur ya iso mana ne ta ƙofa biyu, ofis da makaranta. Bayan Turawan Ingila sun kama ƙasar Barno a 1902, da Kano da Sakkwato a 1903, mulkinsu ya dogara ne da rajista: ta haraji, ta jangali, ta kotu, ta baitulmali. Rajista kuwa babban littafi ne ɗinkakke mai layuka, ba ya zama a cinya. Alƙalamin akawu mai bakin ƙarfe ne, yana son wuri mai tauri, ga kwalbar tawada da ke neman inda ba za ta kife ba. Daga nan aka sami teburin akawun En'e, mai faɗi da nauyi, da durowa mai makulli don hatimi da rasit. Isowar jirgin ƙasa Nguru daga Kano a 1930 ta ƙara yawan irin wannan aiki, domin kamfanonin sayen gyaɗa da ƙaro da fata kowanne na bukatar mai riƙe lissafi.

Ta ɓangaren makaranta, Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, daga bisani makarantun elimantare suka bazu. Dattawan da suka yi karatu kafin samun 'yancin kai a 1960 sukan kwatanta teburinsu da cewa haɗe yake da benci, samansa na da ɗan gangare, da kwarmin ajiye alƙalami, da rami zagayayye na kwalbar tawada. Da biro ya zo, ramin ya rasa aiki, kafintoci suka daina huda shi. Da aka fara shirin ilimin firamare kyauta a 1976, yara suka yi yawa, sai salo ya koma dogon tebur maras ado wanda yara uku ko huɗu za su jeru.

Haka sauyin ya ci gaba. Tafireta ta zo da bukatar tebur mai ƙarfi da ba ya girgiza. Masu rubuta wa jama'a wasiƙa da takardar koke a bakin gidan waya da kotu suka tsaya ga ɗan ƙaramin tebur da za a iya ɗauka a bi inuwa. Kwamfuta ta kawo tebur mai ɗan faifai da ake jawowa daga ƙasa. Yanzu kuwa da kwamfutar cinya da wayar hannu suka yawaita, da yawa daga cikinmu a kan tabarma muke rubuta aikin aji.

Abin da kalmomi ke faɗa

Ni da na tashi da Manganci na koyi Hausa daga baya, nakan lura da asalin kalma, kuma a nan kalmomin sun rabu gida-gida. Na zamanin cinya daga Larabci suke: allo, alƙalami, tawada, littafi. Na zamanin ofis daga Ingilishi: tebur, benci, durowa, kabad, rajista. Kalmar akawu kuwa daga Yarbanci take, alamar cewa da yawa daga ma'aikatan ofis na farko daga kudu suka zo. Ingilishi ya bambanta teburin cin abinci da na rubutu da kalma biyu, amma Hausa ta ari ɗaya ta ɗora mata aiki biyu, in ana son bayani sai a ce teburin rubutu ko teburin ofis.

Machina tana kusa da iyakar Nijar, don haka muna jin wani abin sha'awa. A nan biro abin rubutu ne, sunan kuma na mutumin Hangare ne, László Bíró, wanda ya ƙirƙiro shi. A Hausar Nijar kuwa, in mutum ya ce zai tafi biro, ofis yake nufi. Kalmar Faransanci ce wadda da farko take nufin wani ƙyalle mai kaushi da ake shimfiɗawa a kan tebur, ta koma sunan teburin, daga ƙarshe ta zama sunan ɗakin da teburin yake. Larabci ma maktab yake kiran teburin da ofishin duka.

Kammalawa

A Turai tsohon tebur kaya ne na gidan tarihi. A wajenmu in ƙafarsa ta karye sai a jingine shi a bayan ofis, gara ta ci rabi, sauran ya shiga murhu. Gafaka da kurtu ma leda da kwalbar roba suna maye gurbinsu, kuma in abu ya ɓace sunansa kan bi shi. Shawarata ga 'yan'uwa ɗalibai, musamman masu neman batun kundin digiri, ita ce a yi amfani da hutu. A leƙa tsofaffin ofisoshin hakimai da makarantun firamare da zaurukan malamai a Machina, Nguru da Gashuwa, a nemi izini a ɗauki hoto, a auna tsawo da faɗi. A tambayi dattawa wane kafinta ya yi, da wane katako, kuma me ake kiran kowane sashe da Hausa da Manganci da Badanci. Masu amsa waɗannan tambayoyi suna nan da rai, amma shekaru sun ja. Allah ya ba mu ikon yi.