Idan Aka Ce "Babu Netwok", Wa Ake Kira?



Kwanakin baya a wani gidan suna, wata baiwar Allah ta ja ni gefe. Ta ce 'yarta ta gama sakandare, ta kafe kai da fata ita aikin kula da manyan kwamfutoci za ta karanta. Ta ce, "Hajiya, ni fa ban gane ba. Na san likita, na san malama, na san nas. Wannan kuma gyaran waya ne ko buga takardu?" Na ce mata ba ko ɗaya ba ne, na kuma yi mata alkawarin kawo maganar nan, don na san ba ita kaɗai ke da tambayar ba.

Bari mu fara da abin da da yawanmu muka gani. Ranar 14 ga Maris, 2024, muna cikin azumi, aka wayi gari intanet na ta wasa, manhajar banki ta ƙi buɗewa, mai POS na ta ba mutane haƙuri. Abin da ya faru shi ne, wasu manyan wayoyi huɗu da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, waɗanda ke haɗa Afirka ta Yamma da Turai, sun lalace a kusa da gaɓar Kodebuwa. Gyaransu sai da jirgin ruwa, kuma ya ɗauki makonni. To, me ya sa ba mu yi makonnin nan a rufe ba? Saboda akwai ma'aikatan da suka hana idonsu barci, suna karkatar da saƙonninmu zuwa wayoyin da suka tsira, kamar yadda direba ke sauya hanya idan gada ta karye. Waɗannan su ne masu kula da hanyoyin sadarwa. Af, kafin na manta: ɗaya daga cikin wayoyin huɗu, MainOne, mace ce ta kafa kamfaninta, Funke Opeke, 'yar Nijeriya. Wayar ta taso tun daga Fotugal, tsawonta kusan kilomita 7,000, ta kuma fara aiki a 2010.

Abokin aikinsu shi ne mai kula da saba. Saba babbar kwamfuta ce da ba a kashe ta dare da rana. A cikin irinta ake ajiye lissafin kuɗinki na banki, da sakamakon jarabawar yaranki, da bayanan majinyata a asibitin da ya koma amfani da kwamfuta. Uwargida, wannan aikin ba baƙonki ba ne. Wa ke riƙe makullin sito? Wa ya san buhun gero ya kusa ƙarewa tun kafin maigida ya sani? Haka mai kula da saba take. Ita ke ba wannan izinin shiga ta hana wancan, ta lura ma'ajiya ta kusa cika, ta toshe ƙofar da ɓarayin intanet za su bi, ta tabbatar kullum an kwafi bayanai an ajiye a wani wuri dabam don ko-ta-kwana. Kuma kamar aikin gida, idan komai na tafiya daidai ba mai cewa sannu. Sai ranar da abu ya tsaya kowa zai san sunanta.

Kuskure a aikin nan yana da tsada. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke ɗif na kusan awa shida a duk duniya. Ba hari aka kai musu ba. Ana cikin aikin gyara ne aka ba na'ura wani umarni da ya yanke hanyoyin kamfanin, har sai da injiniyoyi suka taka da ƙafarsu zuwa inda na'urorin suke. Shi ya sa ba a son mai gaggawa a wannan sana'a. Wadda ake so ita ce mai natsuwa, mai rubuta abin da ta taɓa, wadda ba ta jin nauyin cewa "ni na yi kuskuren" tun kafin ɓarna ta yi nisa.

Yanzu sai mu zo kan abin da ya fi ba ni sha'awa, wato buɗaɗɗiyar manhaja. Kin san akwai mai haɗa yaji da ko 'yarta ba za ta gaya wa sirrinsa ba, sai dai ki saya. Akwai kuma wadda za ta zayyana miki komai, ta ce je ki gwada, idan kin gano abin da ya ƙara masa daɗi ki dawo ki gaya mana. Haka manhajoji suke. Wasu kamfanoni na ɓoye rubutun da suka gina tasu da shi. Wasu masana kuma suka ce a'a, a baje shi a faifai, kowa ya karanta, ya gyara, ya raba. Richard Stallman ya ɗaga wannan murya a Amurka a 1983. A 1991 kuma wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya fitar da Linux, mutane daga ko'ina suka sa hannu, aikin gayya sosai. Yau kaso mai yawa na sabobin duniya a kan Linux suke tafiya, kuma idan wayarki Android ce, to Linux ɗin ne a ƙarƙashinta.

Amfanin wannan ga 'yarki shi ne kayan koyon ba na sayarwa ba ne. Tsohuwar kwamfutar cinya ta isa. Ta sauke Ubuntu, wani nau'in Linux ne, kyauta. Ta ɗora, ta lalata, ta sake ɗorawa, don da haka hannu ke faɗawa. Idan ta ƙware har ta gyara wani ɗan kuskure a wata buɗaɗɗiyar manhaja aka karɓa, sunanta na nan a rubuce, duk mai son ɗaukarta aiki zai iya gani da idonsa, ba sai ta san wani ba. Akwai ma wani shiri, Outreachy, da ya samo asali daga ƙoƙarin jawo mata cikin wannan fage: wata uku ana aiki daga gida tare da mai koyarwa, kuma a 2024 alawus ɗinsa dala 7,000 ne. Masu nema suna da yawa ƙwarai, kada a ɗauka banza ce ta faɗi. Amma neman shiga kyauta ne, duk wanda ya ce ki biya shi ya sa sunan 'yarki, ɗan damfara ne.

Masu cewa aikin maza ne, ga amsa. A 1985 Radia Perlman ta ƙirƙiro dabarar da ke hana saƙo ya yi ta zagaye a tsakanin na'urori kamar ɗan aiken da ya ɓata hanya, har ya cushe layi. An shafe shekaru da dama ana dogaro da ita. Evi Nemeth, malama a Jami'ar Kolorado, ita ta jagoranci rubuta littafin da masu kula da saba suka daɗe suna ɗauka a matsayin jagora, wanda ya fara fitowa a 1989. A nan Afirka, Dorcas Muthoni ta Kenya ta kafa ƙungiyar da ake kira AfChix a 2004 don horar da mata a wannan fanni.

Sai dai ba zan ɓoye muku wahalarsa ba. Na'ura ba ta san dare ba, ba ta san ranar Sallah ba. Ana raba kwanan jiran kira, kuma idan saba ta faɗi ƙarfe biyun dare a ranar da ke hannunki, ke za a tasa. Sau da yawa daga ɗaki za ki gyara ta kwamfutarki, idan akwai wuta da data, wani lokacin kuwa dole a fita. Ni a ganina wannan magana ce da ya kamata a yi ta a fili da iyaye, da kuma mai neman aure tun kafin a kai kuɗi, kamar yadda ake yi wa nas da ungozoma, waɗanda mun riga mun yarda da kwanansu a asibiti. Sannan akwai Turanci, don kusan duk bayanan da shi aka rubuta. Jarabawar samun takardar ƙwarewa irin CCNA ta kamfanin Cisco kuma da dala ake biya. Ga amana: mai riƙe makullin saba tana iya leƙa albashin mutane da wasiƙunsu. Yarinyar da ba ta iya riƙe bakinta ba, ko ta fi kowa ƙwaƙwalwa, a nemo mata wani aikin.

Ita kuwa waccan uwar, abin da na ce mata shi ne kada ta yi saurin biyan kuɗin wani kwas. Ta samo wa yarinyar tsohuwar kwamfuta, ko ta aro ce, ta ba ta wata uku. Idan ta ga abin ya ƙi tashi, yarinyar ta ture ta koma kallon fim, to an huta. Idan kuwa ta gan ta zaune ana kiranta cin tuwo tana cewa "Umma, ina zuwa, na kusa gano shi," to a fara tara kuɗin makaranta.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda uwargida za ta kare asusunta na banki daga masu kira suna neman lambar sirri. A huta lafiya.