Ranar Godiya ta Amurka da Kakar Ruwan Gizo

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu ɗan asalin Ruwan Gizo, wanda yanzu yake zaune a wata sabuwar unguwa a bayan garin Talata Mafara, ya rubuto mana yana cewa: "Na ji an ce mutanen Amurka sun keɓe rana guda a lokacin kaka don yin godiya. Don Allah mene ne asalinta? Mu kuma me ya sa ba mu da irinta? Na yi tambayar ne saboda bana na kawo hatsina gida, amma a unguwar da nake ban san wanda zan aika wa ba."

AMSA: To, Malam, mun gode da wannan takarda taka, Allah Ya sa albarka a abin da aka noma.

Abin da ka ji gaskiya ne. Ana yin wannan rana a Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba. A shekarar 1620 waɗansu Turawan Ingila suka sauka a wurin da ake kira Plymouth, sanyi da yunwa da cuta suka kashe kusan rabinsu kafin shekara ta zagayo. 'Yan asalin ƙasar, wato ƙabilar Wampanoag, su suka nuna musu yadda ake noman masara. Da amfani ya yi kyau a 1621, sai suka yi biki na kwana uku tare. Shugaba Abraham Lincoln ya mai da ita ranar ƙasa a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, majalisa kuma ta tsayar da ita a wannan Alhamis ɗin a 1941. Dangi kan taru a gida ɗaya a ci talotalo da kabewa, a kuma rarraba abinci ga marasa hali. Ka lura da abu ɗaya a labarin: baƙi ne suka rayu da taimakon waɗanda suka tarar.

Mu kuwa ba mu tsayar da rana guda ba, domin godiyarmu a shimfiɗe take cikin kaka tun daga farkonta har ƙarshenta. Ka tuna yadda ake yi a Ruwan Gizo. Da gero ya fara nuna, tumun farko ba a cinye shi a gida ɗaya, sai an gasa an miƙa wa yara su kai maƙwabta. Ranar girbi a kira gayya, samari su taru da makaɗa, yau gonar wannan gobe ta wancan. Shi kansa Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, a gidan kiɗan noma ya tashi kafin ya zama makaɗin sarakuna. Bayan an ɗaure damma an kwashe, ba a hana tsofaffi da yara shiga gona yin kala. Liman yana da daminsa, haka wanzami da maƙeri da ungozoma. Sai an zuba hatsi a rufewa sannan samari da 'yan mata su yi kalankuwa, a buɗe fagen dambe da kokawa, a sa ranakun aure.

Ginshiƙin wannan duka kuwa shi ne zakka, wadda ba ganin dama ba ce. Nisabin hatsi wasaƙi biyar ne, kowane wasaƙi sa'i 60, ke nan sa'i 300, abin da malaman zamani da yawa suka kimanta da kilo 650 ko kusa da haka. Idan gero ko dawa ko shinkafarka ta kai wannan, kuma ruwan sama ta sha, ɗaya cikin goma za ka fitar, abin da manoma suka fi sani da "dami goma a cire ɗaya". In kuwa da jigo ko injin ban ruwa ka shayar, kana sayen mai kana gyara, to ɗaya cikin ashirin ne. Wannan bambanci ya shafe ku ƙwarai, tunda madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gama a 1978, tana shayar da gonaki a Talata Mafara da Bakura da Maradun. Wani ruwa ke gangaro masa ta magudana, wani sai ya ja da inji, don haka ka kai wa malamin da ka amince da shi bayanin gonarka dalla-dalla. Zakkar hatsi ba ta jiran shekara ta cika, da an girbe an gyara ta wajaba.

Yanzu sai ƙarshen takardarka, wanda a ganinmu shi ne ainihin tambayar. A ƙauye ba ka bukatar a gaya maka gidan da ba a ɗora tukunya ba, hayaƙi ma ya isa shaida. Sabuwar unguwa kuwa kowa da katangarsa da ƙofar ƙarfe, wannan ma'aikaci, wancan ɗan kasuwa, sai a shekara ana gaisawa ba a san sunan juna ba. Amma masu bukata suna nan kusa da kai. Shekaru fiye da goma ke nan matsalar 'yan bindiga ta kori mutane da yawa daga ƙauyukan Zamfara, waɗansu ma sai da suka biya kuɗi kafin a bar su su girbe abin da suka shuka. Ka duba kangaye da ɗakunan haya na unguwarku. Mai yiwuwa wanda ke zaune ciki ya taɓa cika rufewa uku, yau kuwa tiya-tiya yake awo. Irin wannan mutum ba zai roƙe ka ba, kunya ba za ta bar shi ba.

Ga shawararmu. Ka fara ware zakka tun kafin buhu ya tafi kasuwa ranar Talata, don hatsi in ya zama kuɗi hannu ba ya son sakinsa. Sannan ka sami limamin masallacinku ko mai unguwa bayan sallar isha'i, ka tambaye shi gidajen marayu da na waɗanda suka yi gudun hijira. Ka tambayi uwargida kuma, domin mata sun riga maza sanin sirrin unguwa ta wajen biki da suna da aron turmi. Idan za ka kai, ka kai da dare, kai da kanka, ba tare da 'yan kallo ba. Maƙwabcin da ba mabukaci ba shi ma yana da rabonsa na kyauta, ko da tiya biyu ce ta sabon gero a yi fura. Da haka ake fara sabo, ai zumunci a ƙafa yake.

Kada kuma ka rabar ko ka sayar da duka. Ka san hatsi yana arha da kaka, ya yi tsada da damina ta yi nisa. Ka ajiye na iyali da na iri, ka kuma bar ɗan wani abu saboda watan Agusta, lokacin da za a ƙwanƙwasa maka ƙofa da gaske.

Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Wanda Ya ba ka damina ba Ya bukatar hatsinka, maƙwabcinka ne yake bukata. Da fatan mun gamsar da kai, Malam. Ka gai da mutanen Ruwan Gizo, in kuma ka kai ɗin, ka rubuto mana yadda kuka yi.