Yadda Ake Rage Jijjigar Bututun Haƙar Mai a Teku

Bututun da ake haƙa rijiyar mai da shi gaɓa-gaɓa ne na ƙarfe, kowace gaɓa kimanin mita 9, ana ɗaura wannan a kan wannan har tsawon ya kai kilomita huɗu ko biyar. Kaurinsa kuwa santimita 13 ne ko kusa da haka. Kamar a ce zare mai kaurin milimita ɗaya da tsawon mita 40, ana murza shi daga sama don ƙarshensa ya huda dutse. A filin Bonga, mai nisan kimanin kilomita 120 daga gaɓar tekun Najeriya, wanda ya fara ba da mai a 2005, sai bututun ya ratsa ruwa mai zurfin fiye da mita 1,000 kafin ma ya taɓa ƙasa. Ƙarfe mai irin wannan tsawo ba ya juyawa lami lafiya.

Jijjigar da ta fi damun masu haƙa ita ce ta maƙalewa da kufcewa. Haƙorin da ke cin dutse a ƙarshen bututun yakan cije ya tsaya cak, alhali injin da ke kan jirgin haƙa bai daina juyi ba. Bututun sai ya yi ta murɗewa kamar tsumman da ake matsewa. Idan ƙarfin ya taru ya rinjayi dutsen, haƙorin ya fizge da gudu ninki biyu ko uku na gudun injin, sannan ya sake cijewa. Cikin ’yan daƙiƙoƙi abin ya maimaita kansa. Haƙoran zamani masu yankan lu’ulu’un masana’anta sun fi faɗawa wannan hali, domin kankare dutse suke yi, ba niƙa ba. Yankan ya ɓantare, mahaɗan bututu su gaji, na’urorin awo masu tsada su lalace.

Akwai kuma ta gefe, inda ƙasan bututun ke rawa kamar mazari yana dukan bangon rijiya. Wannan muguwa ce, don sau da yawa ba a jin ta a sama sai ta gama ɓarna. Ta uku tsalle ne sama da ƙasa, wanda aka fi gani a dutse mai tauri da haƙori mai ƙafafu uku.

Maganin farko yana hannun mai haƙa: nauyin da yake sakar wa haƙori da saurin juyi. Idan maƙalewa ta taso, ya rage nauyi ya ƙara gudu. Sai dai yawan gudu da ƙarancin nauyi su ne ke tayar da rawar gefe, a gudu gara a faɗa gidan zago. Tsakanin biyun akwai ɗan siririn fili, kuma yana sauyawa duk lokacin da aka shiga sabon dutse. In abin ya ƙi, akan ɗaga haƙorin daga ƙasa, a tsayar da juyi har bututun ya natsu, a sake farawa a hankali.

Kamfanin Shell ya fito da wata dabara mai suna Soft Torque wajen farkon shekarun 1990. Maimakon injin ya kafe a kan gudu ɗaya, yakan ɗan sassauta idan ya ji bututu ya yi tauri, ya ƙara idan ya saki, ta haka ya shanye murɗar kafin ta koma ƙasa. A ƙasan kuma ana sa zobba masu riƙe bututu a tsakiyar rami, da gaɓa mai shanye tsalle, a kuma gyara taɓon haƙa da ake turawa ta cikin bututun ya ƙara santsi.

Teku na da nata ƙarin. Jirgi yana hawa da sauka da igiyar ruwa, kuma da za a bar shi haka, haƙorin zai riƙa ɗagowa yana dukan dutse. Don haka ake rataye bututun a kan na’ura mai aiki da matsin iska da mai, tana miƙewa tana komawa daidai da motsin jirgin.

Na’urorin da ke kusa da haƙori suna auna jijjiga, su aiko da labari sama ta hanyar bugun matsi a cikin taɓo. Saƙon gajere ne kuma yana tafiyar hawainiya, amma ya isa a gyara nauyi da gudu. Idan aka makara haƙori ya lalace, sai an zaro bututun duka gaɓa-gaɓa a sauya shi, aikin da kan ci yini guda ko fiye a kan jirgin da hayarsa ta kai ɗaruruwan dubban daloli a rana.