Injin Wankin Kai Ya Fito: Kafin A Kai Shi Azare, A Fara Da Ruwan Ɗumi

Duk wanda ya taɓa kwana a Azare cikin watan Disamba ko Janairu ya san irin sanyin da kan sauko da asuba, sa'ad da iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas ta lulluɓe gari da hazo. A irin wannan safiya, kafin mai shagon gyaran gashi ta ɗauki mataji ko ta buɗe kwalbar sabulu, aikinta na farko shi ne ta hura gawayi ta ɗora tukunya. Komai kyawun shago, komai ƙwarewar mai shi, ba macen da za ta yarda a kwarara mata ruwan randa a ka a wannan lokaci. Saboda haka a ƙasar Katagum, kamar sauran wurare na Arewa, sana'ar wankin kai ta rataya ne a kan wuta da ruwa.

Ga shi kuwa yanzu labari ya bazu, musamman ta hotunan da ke yawo a wayoyin hannu, cewa a wasu ƙasashe an ƙera injin da ke wanke kan mutum shi kaɗai, ba tare da an sa hannu ba. Ya kamata masu wannan sana'a su san yadda abin ya ke tun kafin dillalai su iso da shi bakin ƙofa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

YADDA INJIN KE AIKI

Ƙasar Japan ce ta yi fice wajen ƙera irin wannan inji. Kamfanin Takara Belmont, wanda ya shahara da yin kujerun masu aski, ya daɗe yana sayar wa shaguna wani samfuri mai wanki da feshin ruwa. Mutum zai kishingiɗa, ya sa ƙeyarsa cikin wani kwano mai murfi, a rufe daidai goshi don kada ruwa ya zubo masa a fuska. Da an danna maɓalli sai ƙananan bakunan famfo da ke kewaye da kwanon su shiga feso ruwa da ƙarfi, su jiƙa gashi, su haɗa da sabulu, sa'an nan su ɗauraye.

A shekarar 2010 kamfanin Panasonic ya nuna wani iri dabam a birnin Tokyo, mai yatsun roba 16 da ke cuɗa fatar kai bayan ya auna siffarsa, kuma a 2011 aka ƙara yatsun suka zama 24. Abin lura shi ne dalilin ƙera shi: Japan ƙasa ce mai yawan tsofaffi da ƙarancin masu jinya, don haka tsofaffi da majinyata aka yi nufin sauƙaƙa wa. A 2025 kuma aka riƙa ba da labarin shaguna a wasu biranen ƙasar Sin, kamar Guangzhou, waɗanda ba su da aiki sai wankin kai da inji.

Ta fuskar ɗumama ruwa, injinan nan kashi biyu ne. Akwai masu tanki a cikinsu da hita mai dafa ruwan, akwai kuma masu jiran shago ya ba su ruwan zafi da na sanyi ta bututu biyu, su kuwa su sirka. Kowane iri ne, yana bukatar abu uku a lokaci guda: ruwa mai tsabta wanda ba ya yankewa, ƙarfin da zai tura shi, da zafi wanda ba ya hawa ba ya sauka. A Tokyo waɗannan abubuwa uku suna cikin bangon kowane gida. A Azare kuwa kowannensu sai an nemo shi da kuɗi.

GARI YA BUNƘASA, BUKATA TA ƘARU

Ba abin mamaki ba ne idan wani mai jari ya yi sha'awar kawo injin nan Azare. Tun daga 1916, da aka dawo da fadar masarautar daga tsohon garin Katagum da Malam Zaki ya kafa a bakin kogin Jama'are a farkon ƙarni na 19, Azare ta ke ta cika tana batsewa. Tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Potiskum zuwa Maiduguri. Tana da Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh, da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a 2021, ga kuma jami'ar jiha a Gadau, ba nisa. Ɗalibai da malamai da ma'aikatan asibiti mutane ne masu ƙarancin lokaci, masu son a sallame su da wuri. Idan Salla ta matso, ko lokacin bukukuwa ya kama bayan kaka, shagunan mata kan cika har dare, a yi ta jiran layi.

A da can, wankin kai aikin cikin gida ne. Mace ta yi tsifa, ta sami ruwan ɗumi da sabulun salo ko karkashi ta wanke, ta shafa man shanu ko man kaɗe, sa'an nan ta nufi gidan makitsiya. Namiji kuwa wanzami ke jiƙa masa kai kafin ya sa aska. Yau an mai da wannan aiki sana'a mai shago, kuma 'yan mata da yawa da ita su ke rufa wa kansu asiri. Abin da ya shafi wannan sana'a ya shafi abincin gidaje masu yawa.

LISSAFIN DA BA YA ƘARYA

Masana kimiyya sun daɗe da tabbatar da cewa ruwa abu ne mai wuyar ɗumamawa. Fatar kai ta fi jin daɗin ruwan da zafinsa ya ke tsakanin digiri 37 da 40, watau kusan zafin jikin ɗan Adam. A ɗauka cewa da safiyar hunturu ruwan tanki yana kan digiri 18, ana so a kai shi 38, kuma wanki ɗaya zai ci lita 20, watau ƙasa kaɗan da jarka guda ta 'yan ga-ruwa. Wannan kaɗai zai cinye kusan rabin yunit na wutar lantarki. Mutum ashirin a yini sun tashi yunit tara da ɗoriya, ban da abin da injin busar da gashi da fanka da fitilu za su sha.

Wannan ma mai sauƙi ne. Babbar matsala ita ce saurin da a ke bukatar zafin. Hitar da ke ɗumama ruwa nan take yayin da ya ke wucewa, idan za ta ba da lita biyar a minti guda ta ƙara masa digiri 20, sai ta ja wajen kilowat bakwai. Wannan ya kai amfiya 30, alhali soket ɗin bango na yau da kullum amfiya 13 aka yi shi ya ɗauka. Ƙaramin janareton nan da a ke gani a ƙofar shagunan aski bai cika kilowat ɗaya ba. Ko an haɗa bakwai irinsa, da ƙyar su riƙe hitar. Hita mai tanki ta fi dama, domin mai ƙarfin kilowat ɗaya da rabi za ta kai lita 30 daga digiri 20 zuwa 60 cikin kimanin sa'a guda, amma fa in wutar ta tsaya sa'ar nan, kuma in ta zo da ƙarfinta. Idan wutar da ya kamata ta zo da bolt 230 ta sauka zuwa 160, zafin da hita ke bayarwa ya ragu da rabi.

Sai kuma batun mai. Bayan janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ya haura naira 1,000 a wurare da yawa. Mai shagon da ya dogara ga janareto wajen dafa ruwa, ribarsa ya ke ƙonawa. Bugu da ƙari, wutar gidajen Japan bolt 100 ce, saboda haka injin da aka yi don kasuwarsu ba zai zauna da wutar ƙasar nan ba sai da taransifoma. Bakunan feshinsa kuma ƙanana ne ƙwarai: yashin rijiya ko laka kaɗan ya isa ya toshe su, ruwan da ke barin farin gari a gindin tukunya kuwa haka zai bar shi a jikin hita. In wani ƙarfe ya lalace, ba a kasuwar Azare za a same shi ba, mai yiwuwa ko a Sabon Garin Kano sai an yi oda. Sai da ruwan ciki a ke jan na rijiya.

HAƊARIN DA KE CIKI

Ruwan zafi ba abin wasa ba ne. Wanda ya kai digiri 60 yana iya sale fata cikin daƙiƙu kaɗan, yara da tsofaffi kuwa fatarsu ta fi saurin ƙonewa. Mai wanki da hannu takan tsoma yatsa ta ji kafin ta zuba, kuma da ta ga mai kai ta zabura sai ta dakata. Wadda kanta ke cikin kwano mai murfi ba ta da wannan kariya, sai dai amincin ma'aunin zafin da ke cikin injin.

Wani haɗarin ya riga ya shiga shaguna tun kafin inji ya zo, watau hitar nan mai lanƙwasa da a ke jefawa cikin bokiti. In fatar wayarta ta zaizaye, ko yarinya ta tsoma hannu ta ji zafi ba a kashe ba, wuta kan ja mutum har ta kai ga rasa rai. Duk inda ruwa da lantarki za su haɗu, wajibi ne a sa wayar da ke sauke wuta ƙasa, da na'urar da ke yanke wuta da kanta da zarar ta fara zurara. Haka nan ruwan da ya kwana a tanki yana ɗumi-ɗumi, tsakanin digiri 20 da 45, mazauni ne na wata ƙwayar cuta mai kama huhu idan aka shaƙi feshinsa. Shi ya sa ƙa'idar masana ita ce a ajiye ruwa a kan digiri 60, a sirka shi daidai lokacin amfani.

GASHIN WA AKA YI WA INJIN?

Akwai wata tambaya da dillali ba zai tayar ba. An gwada injinan nan ne a kan gashin mutanen gabashin Asiya, mai santsi mai miƙewa. Gashin baƙar fata a murɗe ya ke, yana da cika, kuma in ruwa ya buge shi ta ko'ina sai ya cukurkuɗe. Gwanar wanki takan raba shi kashi-kashi, ta bi da yatsa, ta taje a hankali tun daga baki zuwa gindi. Idan an shafa man da ke miƙar da gashi, wanda yawancinsa akwai soda mai ƙuna a ciki, dole a ɗauraye shi sarai da ruwa mai ɗumi kaɗan, domin fatar ta riga ta yi laushi. Wasu sabulan da a ke bi da su ma sukan sauya launi in da sauran man a ka, sai an ga kumfa ta yi fari a daina. Wannan aikin ido ne. Kazalika ido ne ke gane amosani, da ƙwarƙwata, da makero a kan yaro, har a faɗa wa uwa ta kai shi asibiti, a kuma wanke mataji da tawul kafin a sa wa wani.

INDA MAFITA TA KE

Abin da Azare ta rasa a waya, tana da shi a sama. Rana a ƙasar Katagum ba ta rowa, har zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Tun da daɗewa mata sun san shanya bokiti a tsakar gida don yara su sami ruwan wanka. Hitar hasken rana wannan dabara ce aka inganta: baƙaƙen bututu a kan rufi suna shan zafi, ruwan da ya ɗumama yana hawa da kansa zuwa tankin da ke bisansu, mai sanyi yana sauka ya maye gurbinsa. Ba ta shan mai, ba ta bukatar lantarki, kuma tankinta a naɗe ya ke da abin riƙe zafi, don haka ruwan da ya dahu da yamma kan kai safiya da ɗuminsa. Hazon hunturu yana rage mata ƙarfi, saboda haka kada a jefar da tukunyar gawayi ko ta gas. Da bazara kuma ruwanta kan yi zafin da sai an sirka, don haka famfo mai sirkawa da kansa ya zama dole.

Mai shagon da ke da jari a hannu, abin da ya fi masa shi ne ya bi abin daki-daki: tanki mai murfi da matata, sa'an nan hitar rana, sa'an nan famfon sirki da kwanon wanki mai kujera, sa'an nan ma'aikacin lantarki na ƙwarai ya gyara wayoyi. Da waɗannan kaɗai layin jajibirin Salla zai ragu, domin ba hannun mai wanki ke jinkirta aiki ba, jiran tukunya ta tafasa ne. Kuma ba yarinyar da za ta rasa aikinta saboda su. Hukumomin da ke horar da matasa sana'o'i a Jihar Bauchi, da masu ba da ƙananan rance, za su yi babban taimako in suka sa koyon haɗa irin wannan hita da gyaranta cikin shirye-shiryensu, domin masu haɗa famfo da makeran garin za su iya.

Shi kuwa injin, in ya zo, wataƙila wurin da ya fi dacewa da shi shi ne inda masu shi suka nufa da farko: ɗakunan jinya, inda mara lafiya kan yi makonni a kwance ba mai iya wanke masa kai, kuma inda wuta da ruwa suka fi tsayawa. A shagon unguwa, ranar da mai shago za ta murɗa famfo da asubar Janairu ruwan ɗumi ya zubo ba tare da ta hura gawayi ba, ranar ce ya dace a fara tambayar kuɗin inji.