Masu Fito a Kogin Bunga

A watan Maris ko yaro ma yana tsallake Kogin Bunga da ƙafa a ƙasar Gwaram, don yashi ne shimfiɗe sai ɗan ruwa nan da can. Agusta kuwa wani zance ne. Kogin daga tsaunukan Filato yake tasowa, shi ya sa yakan kawo dare ɗaya ko da ba a ga hadari a Gwaram ba, ya wuce Jama'are, ya je ya haɗu da Kogin Haɗejiya a hanyarsu ta Tafkin Chadi. A lokacin ne ake fiddo kwale-kwale, a toshe ɓarakarsa, mashigi ya koma tasha.

Mai fito ba ya yanka kogi kai tsaye. Sai ya fara bin gaɓa yana tokara gora yana haurawa sama, sannan ya karkata hancin jirgi ya bar ruwa ya gangaro da shi daidai mashigin tsallake. Inda ruwa ke ƙananan igiyoyi, yashi na kusa. Inda ya kwanta lumui ya yi duhu, nan ne zurfi, sai a ajiye gora a ɗauki filafili. Yashin kuma yana ƙaura, hanyar bara ba ta bana ba ce. A tsakiyar jirgi yaron mai fito na durƙushe da tsohon kwano yana kwarfar ruwa.

“Baba, matso tsakiya. Hajiya, a zauna, kar a miƙe sai mun taɓa ƙasa!”

Ranar kasuwar Sara ake ganin abin tsoro: buhunan masara, akuya a ɗaure, babur a kwance, mutane a kai, har ruwa ya kusa bakin jirgi. Fasinja na sauri, mai jirgi kuma ya san sana'ar 'yan watanni ce, ba ya son barin kowa. A ganina a nan haɗarin yake, musamman da almuru in ana komawa gida.

Ambaliyar 2022 ta nuna wa Jigawa yadda ruwa ke yanke hanya ya bar ƙauye da kwale-kwale kaɗai. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare, ta wajabta rigar kariya, amma da wuya ka ga rigar a ƙananan mashigai. Ƙananan hukumomin Gwaram da Birnin Kudu su sayi rigunan su damƙa wa sarakunan ruwa tun kafin damina ta sauka.